Ɗinkin Basilla a Bakin Buhun Wake

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban Ƙungiyar Manoman Iri ta Bakin Tabki, Alhaji Isma'ila, mai girma wakilin prefe, shugaban yankinmu, mai girma wakilin magajin garin Madarumfa, iyayenmu masu gari da suka taso tun da sassafe daga Gabi da Safo da Ɗan Isa, malamanmu limamai, jami'an gidan gona, shugabannin wuraren aiki tara da suka buɗe mini ƙofofinsu, iyayena mata da ke zaune can gindin bedi, waɗanda ko an jera musu kujeru sai sun nemi tabarma, ƴan'uwana manoma, maza da mata, manya da ƙanana: assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan safiya lafiya. Ina gode wa shugabannin ƙungiyar nan da suka miƙa mini mikro, alhali sun san ba duk abin da zan faɗa ne zai yi musu daɗi ba. Ina gode wa ma'aikata ɗari da arba'in da biyu da suka jure tambayoyina shekara biyu cur, har wasunsu suka gaji suka laƙaba mini suna Malama Don-Mi, saboda yawan tambayar don me. Na karɓi sunan, domin na cancance shi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Zahara'u. Ɗiyar Gabi ce ni, can aka haife ni, can na fara lakwal, wato makarantar boko. Jami'a ce ta turo ni gida in yi bincike a kan abu biyu: yadda wuraren aikinmu ke horar da ma'aikatansu, da yadda mutane mabambanta, maza da mata, tsofaffi da matasa, masu boko da marasa boko, ke yin aiki a inuwa guda. Littafin da na rubuta yana da kauri, kuma ku kwantar da hankalinku, ba zan karanta muku shi ba.

Abin da ya tsayar da ni nan shi ne takardar da ke gaban shugaba. Idan na sauka, ƴan ƙungiya za su ɗaga hannu a kanta. Takardar tana cewa a rufe rumfar tsintar wake, a sallami mata ashirin da uku da ke aiki a cikinta, a ɗauki samari masu takardar lakwal a madadinsu. Dalilin kuwa babu wanda bai sani ba a nan. Shekara biyu a jere, waken irin da ƙungiya ta ajiye a mangaza, ɗakin ajiyarmu, ya ɓaci. An rufe buhu da kaka yana cike da wake tas, an buɗe shi da bazara ya zama gari da ƙwari. Manoma sun zo karɓar iri ruwa na shirin sauka, sun koma gida hannu wofi. Na ga wani tsoho daga Safo ya juya amalankensa ba buhu ko ɗaya a kai, kuma har yau ina jin nauyin wannan abu. Saboda haka ba na ganin laifin wanda ya fusata, ba na ganin laifin wanda ya rubuta takardar. Roƙona kawai, ku saurare ni kafin hannu ya tashi.

Abu na farko da bincikena ya nuna: a wuraren aikinmu, wanda ke zuwa horo daban, wanda ke yin aikin daban. Na bi diddigin horo talatin da ɗaya da aka gayyaci wuraren nan tara cikin shekara uku. A ashirin da huɗu daga ciki, wanda ya je ba shi ne hannunsa ke taɓa aikin ba. Takardar gayyata tana zuwa buro, wato ofis, wanda ya buɗe ta shi ne mai iya karanta ta, wanda ya karanta ta shi ne mai hawa mota zuwa Maraɗi. Yana dawowa da jaka sabuwa, da bik na rubutu, da takardar shaida mai hatimi a rataya a bango. A wata ƙungiyar masu lambu, an tura sakatare koyon gyaran injin ban ruwa har sau biyu. Mutumin kirki ne, amma ko murfin injin bai taɓa buɗewa ba. Mai gyaran na gaskiya wani gurgu ne da ke rarrafawa cikin laka ya tayar da injin da jin ƙararsa kawai, shi kuwa ba a taɓa tunanin sa sunansa ba, wai don hawa mota zai yi masa wuya. Da na tambaye shi, ya ce mini kasuwar Ɗan Isa ma duk mako yana zuwa.

Abu na biyu: harshen da ake horo da shi ba shi ne harshen da ake aiki da shi ba. Ana koyarwa da Faransanci, a rubuta a tablo, allon nan na bango, a raba littafi. Aiki kuwa da Hausa ake yin sa, wani wuri da Fillanci, kuma da hannu ake yin sa, ba da bik ba. Na ga matan da ke tara madara sun wuni a ɗakin horo suna gyaɗa kai don ladabi, suka fito ba su tsinci komai ba. Na kuma ga akasin haka, don kada ku ce mugun labari kaɗai na kwaso. A wani garejin gyaran moto, wato babur, tsohon makaniki da wata budurwa mai takardar makarantar sana'a suna koya wa juna, ita ta karanta masa abin da littafi ya ce, shi ya nuna mata inda littafi ya manta, kuma babu garejin da ke da masu jiran layi kamar nasu.

Abu na uku shi ne ya fi nauyi, kuma ba zan iya faɗinsa ba sai da labari. Mutanen da ke cikin labarin suna nan zaune, kuma sun ba ni izini.

Kun tuna shekara uku da suka wuce aka kawo mana sabon buhun ajiyar wake, mai leda biyu a ciki da buhu na uku a waje. Hikimarsa guda ce: idan iska ba ta shiga ba, ƙwaro ba ya rayuwa. Ana matse iskar, a murɗe bakin leda ta farko a ɗaure da igiya, a murɗe ta biyu a ɗaure, sannan a rufe na waje. Aka kira horo a Maraɗi, ƙungiya ta tura mutum uku daga buro. Cikinsu akwai Ɗan Azumi, shef ɗin mangaza, wato mai kula da wurin, ga shi can tsaye jikin ginshiƙi. Ina shaida a gaban kowa cewa ya koyi abin da aka koya masa sarai. Na ga kayensa, littafin da ya yi rubutu a ciki, har zanen ɗaurin ya yi da hannunsa. Aikinsa da ya dawo shi ne ya shiga rumfa ya nuna wa matan da ke zuba wake a buhu.

To, shugabar matan rumfa ita ce Inna Delu. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki. Kuma Inna Delu ita ce ta haifi Habiba, matar Ɗan Azumi.

Na ji wasu sun fara murmushi. Ku da kuka taso a nan kun riga kun gane. Wane ɗan halak ne zai tsaya tsaye a kan surukarsa yana ce mata yi kaza, bar kaza? Mutumin da idan ya hango ta a hanya yake cire takalmi ya durƙusa nesa, mutumin da bai taɓa cin abinci a gabanta ba, shi ne zai kama hannunta ya nuna mata ɗauri? Ɗan Azumi ya zo bakin rumfa da sabon buhu a hannu, ya hango ta, ya tsuguna, ya gaishe ta, ya tashi ya koma. Sai ya ba tsohon mai gadi saƙo, mai gadi ya faɗa wa matar da ke kusa da ƙofa, ita kuma ta faɗa wa sauran. Horon kwana uku, da ya ratsa baki uku, abin da ya isa rumfa shi ne: shef ya ce sabon buhun nan ba ya son iska, a rufe shi gam.

Jama'a, saƙon gaskiya ne. Amma iyayenmu mata hanya guda suka sani ta rufe buhu gam, ita ce basilla da zare. Haka iyayensu suka yi, haka kakanninsu suka yi, kuma a duk ƙasar nan babu mai ɗinkin bakin buhu kamar Inna Delu. Suka haɗa bakin leda biyu da na buhu suka ninke, suka ɗinke. Da yake an ce musu gam, sai suka ƙara himma: inda suke sukan basilla sau goma, suka yi ashirin. Kowane suka ƙofa ce ta iska. Ba sakaci ne ya ɓata waken nan ba, ba jahilci ne ya ɓata shi ba, ba ha'inci ne ya ɓata shi ba. Ƙwazo ne ya ɓata shi, ƙwazon mutanen da ba a nuna wa ba.

Daga waje, buhun da aka ɗinke bakinsa bai nuna komai. Ɗan Azumi ya ɗauka ledojin ciki an ɗaure su, na waje kaɗai aka ɗinke. Sai ran da aka buɗe buhu na farko da bazara ya ga layin zare ya ratsa ledojin duka, ya gane. Yanzu me zai ce? Ya shiga buro ya ce ɗinkin surukarsa ne ya hallaka irin gari guda? Ya roƙi Habiba ta kai wa mahaifiyarta magana, ta ce masa: "Ni in tai in ce ma innata ɗinkinta ya ɓata waken mutane? Nemi wani dai." Da kaka ta biyu ta zo, sau uku yana zuwa bakin rumfa da niyyar magana, sau uku yana tsugunawa ya yi gaisuwa ya koma. Daga ƙarshe ya sayo ledar nan mai manne, yana bin buhuna ɗaya ɗaya a mangaza yana liƙe layin ɗinki shi kaɗai. Bai yi amfani ba, don hujin yana can ciki.

Ita kuma Inna Delu idonta ba a rufe yake ba. Tun ɓarnar farko ta lura ƙwarin sun fi taruwa a bin zare, ta yi zargin basillar. Amma a saninta, ɗinkin umarnin shef ne. Idan ta buɗe baki ta ce wannan hanya ba daidai ba ce, ta ce ke nan mijin ɗiyarta ya je Maraɗi ya dawo da shirme, kuma buro na iya korarsa. Sai ta yi shiru. Shi yana shiru don ya rufa mata asiri, ita tana shiru don ta rufa masa asiri, tsakaninsu taku talatin, kuma wake yana lalacewa a tsakiya.

Kada ku ce ni na zo da wayo na gano. Bari in tona wa kaina asiri. Da na fara bincike, na yi abin da littafi ya ce: na tara ma'aikata duka a ɗaki guda, maza da mata, na jera kujeru a zagaye, na ce kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tsoro. Na zaunar da Inna Delu tana fuskantar Ɗan Azumi. Ita ta ja mayafi ta dubi ƙasa, shi ya dubi rufin ɗaki, sauran mata suka bi shugabarsu suka yi gum. Awa guda muna zaune. Na koma na rubuta a kayena da Faransanci mai kyau cewa matan rumfa ba su da ra'ayi kan aikinsu. Ni, ɗiyar Gabi, wadda ubana har ya rasu bai taɓa haɗa ido da kakata ta wajen uwa ba! Na je jami'a na koyo yadda ake tambaya, na manta yadda ake zama. Wannan layin da na rubuta, an karanta shi a buro, kuma yana cikin abin da ya ƙarfafa takardar da ke gaban shugaba. Ina jin kunyar hakan, kuma ina neman gafarar iyayena mata a bainar jama'a.

Da kakar da ta wuce na ajiye kaye, na ɗauki faifai, na zauna a rumfa ina tsintar wake. Kwana takwas suna dariyar hannuna, wai ina tsinta kamar mai ƙirga ƙwayar magani. Ran na tara aka fara zuba wake a buhu, sai na ga Inna Delu ta zaro basilla daga gefen zanenta. Ni kuwa na karanta littafin horon nan a buro. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. Na ce, "Inna, me za ki yi?" Ta ce, "Ɗinki mana, ɗiyata." Na ce, "Wannan buhun ba a sukarsa, ɗaure shi ake yi." Ta ajiye basillar a hankali, ta ce, "Ashe dai. Raina ya ba ni tun bara." Na ce, "To don me ba ki faɗa ba?"

Wadda ta amsa ita ce Hajara, da aka ɗauka aiki a wannan kakar daga Safo. Ta ce, "Malama Don-Mi, ke kam karatu ya yi miki yawa. Wa za ta hwaɗa ma? Shef ɗin naku surukinta ne. Ku bar ni da shi, taubashina ne, ɗan kawuna. Ni ko wuyan rigarshi na kama babu mai shiga tsakani."

Kun ga inda maganin ya fito. Al'adar da ta rufe wancan baki, ita ce ta buɗe wannan. Hajara ta tashi ta je mangaza, ta jawo Ɗan Azumi har bakin rumfa tana yi masa tsiya, wai an tura shi Maraɗi ya je ya ci shinkafa da nama ya dawo da jaka. Muka kafa zana a tsakiyar rumfa. Inna Delu ta zauna a bayan zanar, inda take hangen hannuwa ta kafa ba tare da an haɗa ido ba. Ɗan Azumi ya durƙusa a wannan gefe yana koya wa Hajara, da murya mai ƙarfi fiye da yadda Hajara ke bukata. Ita kuwa ba ta raga masa ba: "Sake, ban gani ba. Haka suka koya maka ko ka manta? Murɗe da kyau mana, kamar ba ka ci tuwo ba." Yana gumi yana sakewa, mata suna dariya suna kallo, kuma kafin azahar babu macen da ba ta iya ɗaurin ba.

Amma abin da ya fi faranta mini rai shi ne abin da ya fito daga bayan zana. Inna Delu ta kira Hajara ta raɗa mata magana. Hajara ta dawo ta ce, "An ce a hwaɗa ma mai koyarwa, waken da ke tabarmar gabas bai gama bushewa ba, in an rufe shi haka zai yi gumi." Ɗan Azumi ya ce ya auna shi jiya. Aka ce ya ciza ya ji. Ya ciza, ya sa aka mayar da shi rana kwana biyu. Can kuma saƙo ya sake fitowa, cewa igiyar roba tana zamewa a jikin leda, a yi amfani da tsumman zane da aka yayyaga, ya fi kamawa kuma ba ya yanka. Wannan babu shi a littafin Maraɗi. Na duba shafi shafi, babu.

To ga abu na uku ke nan, iyayena da ƴan'uwana. Tara mutane iri iri a wurin aiki alheri ne, amma tarawar kaɗai ba ta isa ba. Ƙungiyar nan tana alfahari cewa tana da mata ashirin da uku a cikin ma'aikatanta, kuma ta cancanci yabo, don wasu ko ɗaya ba su da ita. Sai dai an ƙirga su, ba a ji su ba. Ba a tambayi wa ke iya magana da wa ba, wa ke jin nauyin wa, wa ke iya yi wa wa gyara. A garuruwanmu ma'aikaci ba ya barin dangantakarsa a bakin ƙofa. Yana shiga da surukarsa, yana shiga da kawunsa, yana shiga da malaminsa na allo. Ni ban zo in ce a zubar da kunya ba, Allah ya kiyaye. Kunyar nan ita ce ta riƙe gidajenmu. Cewa nake yi, wanda zai tsara aiki a ƙasar nan ya san ta, ya yi mata hanya, kamar yadda mai gini ke yi wa ruwa hanya kafin damina.

Saboda haka ina da roƙo. Ina roƙon shugabannin wuraren aiki, idan takardar horo ta zo, ku tambayi hannun wa ke yin aikin, ku tura mai hannun, ko tsohuwa ce, ko gurgu ne, ko bai san harafi ɗaya ba. Ina roƙon masu shirya horo su fito daga ɗakunan Maraɗi su zo rumfa, su zo lambu, su zo gareji, su koyar da harshen da ake aiki da shi, kuma su zo da kunne, don za su koma da abin da ba su zo da shi ba. Ina roƙon duk wanda aka ɗora a kan mutane, kafin ya ce wane bai iya ba, ya tabbata an nuna masa, kuma ya tabbata wanda aka ce ya nuna masa yana da bakin yi masa magana.

Amma duk wannan zance ne, kuma manomi ba zance yake shukawa ba. A kakar da ta wuce matan nan sun ɗaure buhu arba'in da sabuwar hanya. Shugaba da kansa ya sa wa ɗakin da aka ajiye su kwaɗo, makullin yana aljihunsa wata shida. Babu wanda ya buɗe ko ɗaya. Ni ma da ke tsaye a gabanku ban san abin da ke ciki ba. Idan ƙwari ne a ciki, ku ɗaga hannu yadda kuka ga dama, ni kuma in koma jami'a in ce na yi kuskure karo na biyu. Ga su can an fito da su an jero tun ɗazu. Ranka ya daɗe shugaba, ka zaɓi wanda ka so, kada ni in zaɓa.

Shugaba ya nuna na ƙasa, na can lungu. To madalla, a jawo shi nan tsakiya. Ina roƙon jami'in gidan gona ya kwance da hannunsa. Na waje ke nan. Leda ta farko ke nan. A hankali, malam, kada ka sa wuƙa, za a sake amfani da ita. Ga ta biyu. A zuba a faifai, a ɗaga sama kowa ya gani.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ku duba, jama'a. Ku duba farinsa. A zaga da faifan, a fara da iyayenmu masu gari, kowa ya damƙa, kowa ya shinshina, mai haƙori ya ciza. Malam ya ce ya ga ƙwaro biyu a sama, dukansu matattu. Na ji wani daga baya yana cewa a buɗe wani. Gaskiyarka, a buɗe. A buɗe uku ma, a buɗe goma, yau ranarsu ce. Iyayena mata, ku yi guɗarku, ba zan hana ku ba, ni ma da na iya da na yi.

Ku ba ni minti biyu in sauke amana, sannan in sauka.

Da na nemi izinin ba da labarin nan, na je wurin kowannensu daban. Ɗan Azumi ya ce mini, "Ki hwaɗa, amma kada ki ce aikinta ne ya ɓaci." Inna Delu ta ce mini, "Ki hwaɗa, amma kada ki ce laihin yaron nan ne." Babu wanda ya san abin da ɗayan ya ce sai yanzu.

Ɗan Azumi kuma ya ba ni saƙo biyu. Na farko na ƴan ƙungiya ne. Ya ce ran da aka rubuta takardar sallamar nan yana zaune a buro, ya san gaskiya, ya yi shiru, aka ɗauki shirunsa a matsayin yarda. Ya ce idan dole sai an sallami wani saboda waken shekara biyu, to shi ne, ba matan nan ba. Saƙo na biyu naki ne, Inna Delu. Ga shi can, bai fi taku goma tsakaninku ba, amma kin san ba zai iya ba, shi ya sa ya aro bakina. Ya ce ya bari an zarge ki shekara biyu a kan abin da ba ki sani ba, ya ce ki yafe masa.

Ɗan Azumi, ɗaga kanka, don amsarka ta riga saƙonka zuwa. Jiya da hantsi, ba tare da ta san za ka ce komai ba, ta kira ni da Hajara ta ce, "In ya nemi gahwara, ku ce mishi tun ran da na ga ya tsuguna bakin rumfa da buhu a hannu ya kasa magana, na san yaro ne mai mutunci. Ba ni da abin yahewa. A bar shi bisa aikinshi."

Ƴan ƙungiya, kun ji su. Ɗaya yana cewa a kore ni a bar ta, ɗaya tana cewa a bar shi. Ga wake a hannunku, ga mata ashirin da uku a gindin bedi suna jiran su ji ko gobe da safe za su ɗauki faifansu su fito. Ni ba ni da hannun ɗagawa a wannan ƙungiya, ku ke da shi. Abin da nake fata, kada a sallami kowa, kuma idan kaka ta zo, a sa Inna Delu da Hajara a mota su zaga Gabi da Safo da Ɗan Isa su koya wa wasu rumfunan, Ɗan Azumi kuma ya bi su a wata motar daban.

Allah ya sa hannun da za ku ɗaga ya zama na adalci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa irin nan ya tsira a kowace gona da ya shiga. Allah ya ƙara wa shugabanninmu haƙurin saurare, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya bar mu da kunyarmu, ya kuma buɗe mana hanyar faɗa wa juna gaskiya. Allah ya zaunar da Madarumfa da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Ranka ya daɗe shugaba, ga mikro, takarda tana gabanka. Na gode.